Ruwan Tiga a Lagireto: Yadda Cire Tamostat Ya Zama Al'adar Garejojinmu

Duk motar da aka shigo da ita daga Kwatano ta iso garejojin da ke tsakanin Bunkure da Kura, akwai ayyuka uku da ake yi mata kafin mai ita ya fara morarta: a juye baƙin mai, a cire tamostat, a haɗa fanka dairek ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli. Na farkon daidai ne. Biyun ƙarshen ne suka sa na ɗauki alƙalami. In ka tambayi yaron gareji dalili, amsar ɗaya ce daga nan har kasuwar Ƙofar Ruwa a birni: "Ai na ƙasar sanyi ne, mu nan ba ma buƙatarsa." Da zuciya ɗaya yake faɗa, domin haka ya ji daga maigidansa, shi ma maigidan haka ya tarar. Amma wannan al'ada ba ta kai madatsar Tiga tsufa ba. A gabana ta tsiro, lokacin ina yaron gareji a Kura a farkon shekarun 1980, kuma dalilin da ya haife ta daban ne da wanda ake faɗa a yau.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi a hannu ba, tamostat ɗan ƙarfe ne da bai cika tafin hannu ba, yana zaune a inda tiyon lagireto ya haɗu da inji. A cikinsa akwai ɗan ƙoƙon tagulla cike da kaki na musamman. In ruwa ya ɗau zafi, kakin ya narke ya kumbura, sai ya tura wani tsinke, ƙofa ta buɗe, ruwa ya wuce lagireto ya huce. In ruwan ya yi sanyi, sai sifirin ya mayar da ƙofar. Aikinsa ɗaya ne da na ƙofar kanal da ake ɗagawa gwargwadon ruwan da gona ke buƙata. Wani Ba'amurke mai suna Sergius Vernet ne ya ƙirƙiro irin wannan mai kaki a shekarun 1930. A jikinsa ana buga lamba, 82 ko 87 ko 88 da makamantansu, wato zafin da yake fara buɗewa a ma'aunin Salshiyos. Injin mota an ƙera shi ne ya yi aiki tsakanin digiri 85 zuwa ɗari da 'yan kai. A nan ne fistin da ringi ke cika gurbinsu, baƙin mai ya yi kaurin da ya dace, fetur ya ƙone ƙurmus.

Kafin ruwan Tiga ya zo, ƙasarmu ba ta san inji sosai ba. Gero da dawa da gyaɗa da auduga ake nomawa da damina, rani ya yi samari su tafi ci-rani. Kura da rini aka san ta, baƙin turkuɗinta har cikin hamada ake kai wa Buzaye. Jaki ke ɗaukar kaya, mota sai ranar kasuwa. Injin da yaron ƙauye ya fara gani da idonsa shi ne na niƙa, Lister ɗin Ingila ko ɗan'uwansa na Indiya, da duro cike da ruwa a gefe da bututu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Babu famfo, babu fanka: ruwan zafi ya hau ta sama ya faɗa duro, mai sanyi ya sauko ta ƙasa ya koma inji. Masu niƙa sun sani sarai cewa da sassafe injin yana tari yana hayaƙi, sai saman duron ya ɗau zafin da ba ka iya ɗora hannu sannan muryarsa ke daidaita. Wannan ilimi yana nan tun kafin a yi gareji ko ɗaya a Bunkure.

Sai gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, aka ja kanal aka shimfiɗa aikin noman rani na Kogin Kano a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, aka tsara kashin farko a kan kadada 22,000. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta karɓi ragamar aikin. Tare da ruwan ne injuna suka kwararo: katafila, gireda, tarakta, Land Rover ɗin injiniyoyi. Kamfanin PAN ya fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, Volkswagen na haɗa ƙirar kunkuru a Legas, ana haɗa taraktar Steyr a Bauchi da ta Fiat a Kano. Manomin da ya samu kakar tumatir biyu masu kyau sai ya sayi akori-kura 404 ko 504 fil a leda.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, a wajen gyaran taraktocin aikin ruwa ya koyi sana'a kafin ya buɗe nasa garejin a bakin titin Zariya. Mutum ne mai littafi. Yana da kundin gyaran Peugeot wanda baƙin mai ya rina gefunansa, ba ya barin kowa ya taɓa sai ya wanke hannu da kananzir. In aka kawo mota tana zafi, ba ya fara zargin komai sai ya gwada. Sai ya ce, "Kai yaro, hura risho." A ɗora gwangwanin madara babba da ruwa, ya ɗaure tamostat da siririyar waya ya saƙala shi a ciki, kada ya taɓa gindin gwangwanin. Mu yara mu tsugunna mu zuba ido. Kafin ruwan ya tafasa, lokacin da ƙananan kumfa suka fara manne wa ƙarfe, sai ka ga bakinsa ya ɗan tsage, siririn haske ya bayyana tsakanin faifan da mazauninsa. Can da ruwa ya fara birkiɗa, ya hangame har ɗan yatsa na iya leƙawa. Ya ciro shi ya ajiye a kan benci, muna kallo yana rufewa a hankali. Sai ya juya wajen mai mota ya ce, "Alhaji, wannan ba shi da laifi. A sauke lagireto." Sau da yawa in aka sauke aka ɓalle kansa, sai ka tarar rabin bututun sun toshe da jan laka da tsatsa.

A wannan lakar tarihin yake. Motocin Kaduna da tamostat ɗinsu suke fitowa, kuma an shirya su don ƙasar zafi da ƙura. Abin da masu ƙera su ba su shirya masa ba shi ne ruwan da za mu zuba. Mu kuwa Allah ya hore mana ruwa a ko'ina. Direba ya tsaya a gadar kanal, yaron mota ya sauka da galan ya ɗebo ya ɗura a lagireto, da yashinsa da gansakukarsa. Ba wanda ke maganar kulan, wannan ruwa mai launi da ke hana tsatsa; wanda ma ya san shi yana ganin ɓarnar kuɗi ne a garin da ruwa ke gudu a ƙofar gida. Injin ƙarfe ya sha ruwan kanal shekara biyu, sai tsatsa ta cika hanyoyinsa, ta ci fuka-fukan famfon ruwa, ta daskare a tsinken tamostat. Ranar da ya maƙale a rufe, cikin 'yan mintoci ruwa ya tafasa, gaskit ya ƙone, wani lokacin kan silinda ya lanƙwashe.

Yanzu ka ɗora wannan a kan tumatir. Kaya ne da ba ya jira. An tsinke shi da safe a Bunkure, an jera kwanduna a Kwanar Gafan da yamma, ana so ya kwana a hanya ya isa kasuwar Mile 12 a Legas kafin ya fara zubar da ruwa. Direban da allurarsa ta haura ja a dajin da ke tsakanin Tegina da Mokwa, da dukiyar mutum goma a bayansa, ba shi da zaɓi. Ya jira inji ya huce, ya kwance ƙusoshi biyu ko uku, ya zare tamostat ya jefa a aljihun ƙofa, ya yanka kwali ya yi gaskit, ya ci gaba. Wannan dabara ce mai kyau, kuma ko yau na tsinci kaina a wannan hali abin da zan yi ke nan. Ba na yarda a raina direbobin da suka yi haka. Sun ceci kaya, sun ceci inji. Abin da ya kamata ya biyo baya shi ne in an dawo gida a sayi sabo a mayar.

A nan ne tattalin arziki ya shigo. A 1982 gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu, shigo da kaya ya koma sai da lasisi, kayan gyara suka yi ƙaranci. Ka aika birni neman tamostat a dawo maka hannu rabbana, ko a kawo wanda ba na motar ba. Mota kuma ga ta tana tafiya ba shi, allura a kwance ƙasa, hankalin direba a kwance. Wa zai sake ɓata yini yana neman abin da ya taɓa jefa shi cikin wahala? Daga cirewa a kan tilas, sai aka koma cirewa tun kafin ya ba da matsala. Direbobi da kansu suka fara zuwa suna cewa, "Oga, a cire mini wannan abin kafin in ɗau hanya." Maigidana ya kan ƙi, ya ce a wanke lagireto a canja marfi. Wasu su saurara, da yawa su wuce gareji na gaba. Ya rasa masu kawo aiki a kan haka, bai kuma sauya ba har ya bar duniya.

A lura, har zuwa wannan lokaci ba wanda ke cewa na ƙasar sanyi ne. Cewa ake yana maƙalewa. Maganar sanyi ta zo ne bayan 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo shirin tattalin arziki na SAP. Kafin nan naira ta kusa kafaɗa da dala. Cikin ɗan lokaci dala ta koma wajen naira 4, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da manomi. Sai ƙofar gwanjo ta buɗe. Motocin da Turawa suka gama yayinsu suka riƙa tasowa daga Beljiyam da Jamus da Holan, su sauka Kwatano, su shigo ta kan iyaka: Golf, Opel, Starlet, Sunny, da J5 wadda ta zama jakar tumatir ta wannan yanki. Kanikawa sun yi murna da J5 mai fetur, domin injinta dangin na 504 ne, sun san shi ciki da waje. Bambancin shi ne a gicciye yake kwance, don haka fankarsa ba ta fambel ba ce, ta lantarki ce, wani ɗan makunni a jikin lagireto ne ke tashinta in ruwa ya kai wani zafi.

Waɗannan motoci sun zo da shekaru goma ko fiye a kansu. Lagiretonsu ya tsufa, makunnin fanka ya gaji, wayoyi sun ci gishirin titunan Turai. Aka ɗora musu kaya ninkin abin da aka ƙera su dominsa, aka sa su a zafin Afrilu. Dole su tafasa. Bakanike ya buɗe ya ga hita a cikin mota, ya ga takardu da harshen da ba ya karantawa, ya san daga ƙasar ƙanƙara ta fito. Ya cire tamostat, mai wayarin ya haɗa fanka dairek, zafi ya sauka, mai mota ya biya ya yi godiya. Bayanin da ya fi saurin shiga kunne shi ne an yi abin ne don sanyin Turai. Yaran da suka shiga gareji daga 1990 zuwa yau da wannan bayani suka buɗe ido, ba su ga zamanin gwangwani da risho ba.

Me ya sa ba a ga illar da wuri ba? Na farko, fetur ba shi da tsada. Litar da ake saya kwabo 20 a 1982 ba ta kai kwabo 40 ba a 1986. In mota ta ƙara sha kaɗan, wa ya damu? Na biyu, injin kafireto ba ya tambayar zafin ruwa kafin ya ba da mai. Abin da aka saita masa shi yake bayarwa. Na uku, ɓarnar a hankali take. Injin da ke aiki da sanyi ba ya ƙone fetur duka, ragowar ya gangara ta bangon silinda ya wanke man da ke wurin, ya tsinka baƙin mai. Tururin da ke taruwa a cikin inji ba ya samun zafin da zai kore shi, sai ya haɗu da mai ya zama baƙin kunu a ƙarƙashin marfi. Ringi ya cinye kafin lokacinsa. Amma in hakan ta faru bayan shekara biyu, sai a ɗora laifin a kan ƙura ko jabun mai, a sauke inji a sa sabon ringi, ba wanda zai tuna ɗan ƙarfen da aka jefar.

Maganar cewa ba mu da sanyi kuwa, mutumin Bunkure ne ya fi kowa cancantar ya ƙaryata ta. Da me muke noman alkama? Ba don sanyin hunturu ba da ba a shuka ta a Kadawa a watan Nuwamba, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ba ta kafa tashar gwaji a can ba, da gwamnati ba ta sa ran wannan yanki zai rufa mata asiri ba lokacin da ta hana shigo da alkama a 1987. A Disamba da Janairu, asubar da direban tumatir ke tayar da mota, sanyi kan sauko ƙasa da digiri 15, mutum na rawar ɗari a bakin kanal. Kuma kakar tumatir ɗin ma a cikin sanyin take. To ko a bar hunturu, a ɗauki tsakar ranar Afrilu mai digiri 40: tsakaninta da 85 ɗin da inji ke nema akwai tazara mai yawa. Wanda ya je aikin Hajji ya ga motocin Makka da Madina, inda zafi ya fi namu. Sababbi ne daga kamfani, kowace da tamostat ɗinta. A nan kusa ma, ka shiga wajen masu casar shinkafa a Kura ka dubi injin dizal ɗan Caina mai tukunyar ruwa a ka. Yini yake yi ruwansa na tafasa yana tururi, ana ƙara masa da moɗa, ba abin da ke samunsa. Zafin da ke kashe inji shi ne wanda ya wuce iyaka, ko wanda ya same shi babu ruwa.

Motocin da ke hannunmu yanzu ba irin na da ba ne. Corolla da Camry da Civic da Sharan duk kwamfuta ke ba su mai, kuma kwamfutar tana da ɗan ma'auni a cikin ruwan inji. Muddin ya gaya mata ruwa bai yi zafi ba, za ta ɗauka yanzu aka tayar da mota, ta ci gaba da ƙara fetur. Motar da aka cire wa tamostat aka sa fankarta dairek tana iya tafiya daga Bunkure har Zariya da asubar hunturu a wannan hali. Fulogi ya yi baƙi, salansa ta toshe, wutar gargaɗi ta kama a gaban direba. In aka sa na'urar gwaji, sau da yawa lambar P0128 ce ke fitowa, ma'anarta ruwa bai kai zafin da ake so ba. Fankar da aka yi don ta riƙa hutawa kuma tana juyawa ba tsayawa, ta cinye kanta, ta wahalar da batir. Ranar da ta mutu a cunkoson Na'ibawa, injin da aka ce an kare shi daga zafi shi ne zai tafasa. Akwai kuma injuna da yawa da tamostat ɗinsu faifai biyu gare shi: yana buɗe hanyar lagireto, yana rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa a cikin inji. In ka cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan ya daina zuwa lagireto sam. Na sha ganin irin wannan mota tana zafi a kan hawa, mai ita yana rantsuwa ai an riga an cire.

Tun daga 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Rahusar da ta rufa wa wannan al'ada asiri shekara arba'in ta ƙare. Ɗan ƙarin da ba a damu da shi ba a zamanin kwabo, yau daga kuɗin cefane yake fita.

Game da zaɓi, maganar ba ta da tsawo. A sayi mai lambar da kamfanin motar ya sa, a duba jikin tsohon ko littafin motar. Wasu na neman mai ƙaramar lamba suna zaton zai hana zafi. Ba zai hana ba: da mai 76 da mai 88, in ruwa ya kusa ɗari dukansu a hangame suke, daga nan sauran aikin na lagireto ne da fanka da famfon ruwa. Jabu ya yi yawa a kasuwa, don haka a tafasa sabon a gani kafin a ɗaura. In yana da ɗan rami mai rawar ƙusa a gefen faifai, ramin ya kalli sama, ta nan iska ke fita. A kula da marfin lagireto, wanda mutane ke rainawa. A tudun Kano ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa tun wajen digiri 98, amma marfi mai lafiya yana matse shi har ya kai kusan 120 bai tafasa ba. Motoci da yawa da aka yanke wa tamostat hukunci, robar marfinsu ce ta mutu. A bar ɗura ruwan kanal, a sa kulan. Shi kuma tsohon kulan guba ne, ga shi da zaƙi-zaƙi. Kada a bar shi inda yara ko awaki za su kai baki, kada a tuttular da shi a magudanar da ke shiga gonaki. Kuma kada a buɗe marfi inji na da zafi. Na ga fuskar yaron mota da hakan ta ƙona, tabon bai ɓace ba har ya girma.

Kirana ga 'yan'uwana kanikawan Bunkure da Kura da Garun Malam, musamman masu yara a ƙarƙashinsu: in mota ta zo da zafi, a gwada kafin a cire. A duba marfi, a duba lagireto, a duba makunnin fanka da famfon ruwa, a hura wuta a tafasa tamostat a gaban yaran su gani da idonsu. Ku kuma masu mota, wanda allurarsa ba ta tashi zuwa tsakiya bayan tafiyar minti goma zuwa sha biyar, ya je a buɗe masa a duba. In babu, ya sa a mayar, a kuma mayar da fanka kan makunninta.